Bayanan Abokan Ciniki: Amanar da Doka Ta Ɗora wa 'Yan Kasuwa

ABUJA — Tun daga ran 12 ga watan Yuni na 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, suna da lambar waya da hoton abokin ciniki da ke hannun ɗan kasuwa sun zama kayan amana, waɗanda hukuma ke da ikon tambayarsa yadda ya same su, da inda ya ajiye su, da kuma wanda ya bai wa. Daga wancan lokaci zuwa ƙarshen 2025 an ci tarar wani babban banki, da wani kamfanin talabijin, da kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, a kan kuɗin da ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Amma duk da haka masu lura da al'amuran shari'a na ganin cewa har yanzu akwai sauran rina a kaba, domin wuraren da bayanan jama'a suka fi yoyo su ne wuraren da hannun dokar ya fi wahalar kaiwa.

Yadda bayanai suka zama haja

A da can, abin da ɗan kasuwa ya sani game da abokin cinikinsa bai wuce abin da ke cikin kansa da littafin bashinsa ba, littafin kuwa yana cikin akwati a kulle. Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali a Nijeriya. Na farko shi ne lambar shaidar masu ajiya a banki, wato BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar cikin watan Fabrairu na 2014, wadda kuma mutane fiye da miliyan 60 suka mallaka. Na biyu shi ne umurnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar cikin watan Disamba na 2020, cewa kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, abin da ya sa yawan masu lambar ya haura miliyan 100.

Sakamakon haka, sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da hoton fuskarsa, da zanen yatsunsa, da lambar wayarsa, da asusun ajiyarsa, duk sun koma a ɗaure da igiya ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa ciniki ƙwarai, domin a yau mai sayar da hatsi a Dawanau yana karɓar kuɗin kayansa daga Anacha ba tare da kowa ya hau mota ba. Sai dai wanda ya kama bakin igiyar da mugun nufi yana iya janyo sauran duka. Ɗan damfarar da ya kira mutum ya ambaci cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da sunan bankinsa ya riga ya ci rabin yaƙi, saboda mai asusun zai ɗauka ma'aikacin banki ne ke magana da shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa bayanan jama'a suka zama haja mai kasuwa, ana saye ana sayarwa a ɓoye.

Doguwar hanyar samar da doka

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin kansa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta wayar tarho, da saƙonninsa na tangaraho. Waɗanda suka rubuta wannan sashe suna tunanin ambulan ne da wayar tebur, don haka bai ce kome ba game da rumbun kwamfuta mai ɗauke da sunayen miliyoyin mutane.

Domin cike wannan giɓi ne Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai cikin watan Janairu na 2019. Rauninsu shi ne ƙa'idojin hukuma ne, ba dokar Majalisar Tarayya ba, kuma alƙalan manyan kotuna sun saɓa a kan ko wanda aka tona bayanansa yana iya kai ƙara a matsayin wanda aka tauye wa haƙƙin da Tsarin Mulki ya ba shi. Sai a 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta raba gardama, a wata shari'a da wata ƙungiyar lauyoyi ta kai Hukumar Ba da Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC, inda ta bayyana cewa kare bayanan mutum yana cikin haƙƙin sirri na sashe na 37.

Cikin watan Fabrairu na 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa ofishi na musamman domin wannan aiki, wanda dokar 2023 ta ɗaga darajarsa ya zama Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, NDPC, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Vincent Olatunji. Har wa yau akwai hannun masu ba da rance na ƙasashen waje a cikin hanzarta dokar, domin samar da ita yana cikin sharuɗɗan shirin ba da shaidar ɗan ƙasa na dala miliyan 430, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Bankin Zuba Jari na Turai suka haɗu suka ɗauki nauyinsa.

Abin da dokar ta tanada

Dokar ta hana karɓa ko amfani da bayanan mutum sai da hujja. Hujjojin da ta amince da su sun haɗa da yardar mai bayanan, ko cika alkawarin ciniki da ke tsakaninsu, ko bin umurnin wata doka, ko ceton rai, ko maslahar jama'a, ko wata halattacciyar bukata wadda ba ta danne haƙƙin mai bayanan ba. Bugu da ƙari, abin da aka karɓa domin wani dalili ba a juya shi zuwa wani dalili dabam, ba a karɓar fiye da abin da ake bukata, ba a kuma riƙe shi bayan bukatar ta ƙare.

Akwai rukunin bayanan da dokar ta fi tsananta tsaronsu, kamar zanen yatsu, da lafiyar jiki, da addini, da ƙabila, da ra'ayin siyasa. Game da yara kuwa, ana bukatar yardar iyaye ko masu riƙo. Mai bayanai yana da ikon neman a nuna masa abin da aka ajiye game da shi, a gyara kuskure, ko a share, yana kuma da ikon janye yardarsa. Idan ɓarayi suka kutsa cikin rumbun kamfani ta yadda za a iya cutar da jama'a, wajibi ne kamfanin ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72.

Tarar da aka tanadar wa manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai wa Naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na dukan kuɗin da suka shigo wa kamfani a shekarar da ta gabata, wanda duk ya fi yawa a ciki. Ga sauran kuwa, Naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100. Abin lura a nan shi ne a kan kuɗin shiga ake lissafin, ba a kan riba ba, saboda haka kamfanin da ke juya kuɗi da yawa da 'yar riba kaɗan shi ne zai fi jin jiki. Wanda ya ƙi bin umurnin hukumar kuma yana iya fuskantar ɗauri na abin da bai wuce shekara ɗaya ba. Cikin watan Maris na 2025 hukumar ta fitar da cikakken umurnin aiwatar da dokar, wanda ya fara aiki cikin watan Satumba na shekarar, ya maye gurbin ƙa'idojin 2019.

Waɗanda sanda ta hau kansu

Cikin watan Agusta na 2024 hukumar NDPC ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, bayan binciken da ya samo asali daga koken wani mutum da ya ce an buɗe asusu da bayanansa ba da yardarsa ba. Bankin ya musa cewa ya karya doka. Cikin watan Yuli na 2025 hukumar ta ci kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, tarar fiye da Naira miliyan 766, bisa zargin shiga sirrin masu hulɗa da shi da fitar da bayanansu zuwa ƙasashen waje ba bisa ƙa'ida ba.

Mafi girma duka ita ce shari'ar kamfanin Meta. Cikin watan Yuli na 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya da Tabbatar da Gasa ta Tarayya, FCCPC, ta ci shi tarar dala miliyan 220, bayan binciken watanni 38, inda ta same shi da laifin rarraba bayanan 'yan Nijeriya ba da izninsu ba, da kuma hana su irin zaɓin da yake bai wa mutanen wasu ƙasashe. Kotun musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin cikin watan Afrilu na 2025. Ita ma NDPC ta ci kamfanin tarar dala miliyan 32.8 a farkon 2025, amma sassan biyu sun sasanta kafin ƙarshen shekarar.

Waɗannan alƙaluma sun nuna cewa dokar tana da haƙora. Matsalolin da suka rage kuwa sun kasu aƙalla gida biyar.

Yardar da ba a fahimta ba

Matsala ta farko ita ce ta yarda. Doka ta ce yarda sai an ba da ita da son rai, bisa sanin abin da aka yarda da shi. To amma sharuɗɗan da manhajojin waya ke nuna wa mutum dogayen shafuka ne na Turancin lauyoyi, waɗanda ko mai digiri ba ya karantawa, balle mai sayar da tumatir wanda karatunsa na ajami ne. Danna maɓalli ɗaya ya wadatar a ce ya amince.

Babu inda illar wannan ta fito fili kamar harkar kamfanonin ba da rance ta waya. Mai neman bashin gaggawa yakan ba manhajar izinin ganin dukan lambobin da ke cikin wayarsa, in ya yi jinkirin biya sai a aika wa surukansa da abokan cinikinsa da maigidansa saƙon cewa shi macuci ne. Cikin watan Agusta na 2021 NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki, cikin Maris na 2022 kuma FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, kana ta wajabta musu rajista. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan masu karɓar rance. Tambayar shari'a da ke nan ita ce, ko da mai bashin ya yarda, wa ya nemi yardar mutanen da lambobinsu ke cikin wayarsa? Ba su ci bashi ba, ba su tsaya wa kowa ba, amma bayanansu na hannun kamfanin.

Jirgi ɗaya, matuƙa da yawa

Matsala ta biyu ita ce yawan hukumomi. Banki yana ƙarƙashin Babban Banki, kamfanin waya yana ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta NCC, dukansu kuma suna ƙarƙashin NDPC da FCCPC a lokaci guda. Dokar 2023 ta ce idan wata doka ta saɓa mata a kan sha'anin bayanai, ita za a bi, amma a aikace umurnin hukumomin yakan ci karo. Misali, a 2023 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin sanin abokin hulɗa waɗanda suka nemi bankuna su karɓi sunayen da masu ajiya ke amfani da su a dandalin sada zumunta. NDPC ta nuna rashin amincewarta, wani lauya ya kai ƙara, amma a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce umurnin bai keta haƙƙin sirri ba. Manajan bankin da ke tsakiya ba shi da zaɓi illa ya nemi hanyar faranta wa iyayen gida biyu. Shari'ar Meta ma ta nuna cewa hukumomi biyu suna iya cin kamfani ɗaya tara a kan al'amura masu kama da juna, abin da masu zuba jari ke sanyawa cikin lissafinsu.

Bayanai ba su san kan iyaka ba

Matsala ta uku ita ce yawancin bayanan da 'yan Nijeriya ke zubawa a intanet suna ajiye ne a rumbunan da ke wasu ƙasashe. Dokar ta hana fitar da bayanai sai zuwa inda ake da isasshiyar kariya, ko bisa wasu sharuɗɗa da ta lissafa, ta kuma shafi kamfanin waje da ke sarrafa bayanan mazauna Nijeriya. Amma yanke hukunci dabam, karɓar tara daga hannun wanda dukiyarsa ke Amurka dabam. Ko Tarayyar Turai, wadda dokarta ta fara aiki ran 25 ga watan Mayu na 2018 da tarar da ke iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, ta shafe shekaru tana shari'a kafin hukumar ƙasar Ayilan ta ci Meta tarar Yuro biliyan 1.2 a 2023 saboda kai bayanan Turawa Amurka. Ƙarfin Turai shi ne girman kasuwarta. Nijeriya kuwa tana da ɗimbin 'yan kasuwa da tallarsu da cinikinsu suka dogara a kan WhatsApp da Facebook, don haka rahotannin da suka fito a 2025 cewa kamfanin ya ambaci yiwuwar rufe wasu ayyukansa a ƙasar sun tayar da hankalin masu ƙananan sana'o'i.

Batun ya shafi fatake masu hulɗa da maƙwabta. Gana tana da tata dokar tun 2012, Jamhuriyar Nijar tun 2017. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'ida ta bai ɗaya a 2010, sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar cikin watan Janairu na 2025. Kamfanin sufuri ko na aika kuɗi da ke aiki tsakanin Kano da Maraɗi dole ya kiyaye dokokin ɓangarorin biyu.

Wa zai hukunta gwamnati?

Matsala ta huɗu ita ce mafi nauyi. Babu kamfanin da ya tara bayanan 'yan ƙasa kamar gwamnati, ta hannun NIMC da hukumar zaɓe da ta shige da fice da ta kiyaye haɗurra da ta haraji. Cikin watan Maris na 2024 wata kafar binciken labarai ta fallasa wani shafin intanet da ke sayar da bayanan masu lambar NIN a kan Naira 200. Cikin watan Yuni na shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, da ta shugaban NDPC kansa, a kan Naira 100 kowace, daga wani shafin. NIMC ta musa cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, abin da ya faru ya nuna haɗarin da ke tattare da dogon layin wakilai da 'yan kwangila da ake bai wa izinin tantance jama'a.

Dokar ta shafi hukumomin gwamnati, amma ta sassauta wa ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifuffuka da wasu al'amuran gaggawa. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shugaban NDPC bisa shawarar minista, kuma manyan tarar da aka ambata a sama duk a kan kamfanoni masu zaman kansu suka faɗa. Idan an ci ma'aikatar gwamnati tara, daga wannan aljihu ne kuɗin jama'a zai koma wancan. Muddin ɗan kasuwa na ganin ana auna shi da mudu ɗaya ana auna hukuma da wani, zai ɗauki dokar a matsayin sabon haraji kawai.

Ƙananan 'yan kasuwa da mai ƙaramin ƙarfi

Matsala ta biyar ta shafi ƙasan kasuwa. A sanarwar da hukumar ta fitar a 2024, wanda ke sarrafa bayanan mutane fiye da 200 cikin watanni shida yana iya shiga sahun waɗanda ake bukatar su yi rajista, da kuɗin rajista daga Naira 10,000 zuwa Naira 250,000 gwargwadon girma. Wannan ma'auni ya kamo makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da otal-otal, waɗanda da yawansu ba su san da zaman dokar ba. A gefe guda kuma ga masu sana'ar POS, da masu rajistar layukan waya a bakin titi, da shagunan ɗab'i inda hotunan katin shaidar mutane ke zaune cikin kwamfuta shekara da shekaru. Hukuma guda mai hedkwata a Abuja ba ta da idon da za ta ga dukan waɗannan.

Shi kuwa talakan da aka cuta, doka ta ba shi ikon kai kuka ga hukumar ko neman diyya a kotu. Wahalar ita ce hujja. Mutumin da ya ba da lambarsa a banki da asibiti da makarantar 'ya'yansa da wurin rajistar tallafi, ta yaya zai tabbatar wa alƙali ta wace ƙofa ta fita? Ga kuɗin lauya, ga jinkirin shari'a. Galibi sai ya bar wa Allah.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi

Raunin aiwatarwa ba dalilin sakaci ba ne, domin cikin watan Agusta na 2025 hukumar ta bai wa kamfanoni fiye da 1,300 na banki da inshora da fansho da caca wa'adin kwana 21 su nuna shaidar bin doka, alamar cewa bincike yana faɗaɗa. Matakan kariya kuwa ba su fi ƙarfin mai matsakaicin jari ba. Ya san irin bayanan da ke hannunsa da inda suke. Kada ya karɓi abin da cinikin bai bukata ba. Ya gaya wa abokin ciniki dalilin karɓa cikin harshen da yake ji. Ya taƙaita yawan yaran shago da ke iya buɗe kwamfuta ko wayar kasuwanci, ya canza kalmar sirri duk lokacin da wani ya bar aiki. Ya ƙona tsofaffin takardun da ke ɗauke da hotuna da lambobin mutane maimakon sayar da su ga masu ƙunshe ƙosai. Kada ya sayi jerin lambobin waya domin talla, kada kuma ya sayar da nasa. Idan zai ba wani kamfani aikin ajiye masa bayanai, ya sa sharuɗɗan tsaro a rubuce, domin alhakin bai sauka daga wuyansa ba.

A nata ɓangaren, ana sa ran hukumar za ta kai bayanin haƙƙoƙin jama'a gidajen rediyo cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsuna, ta daidaita aikinta da na Babban Banki da NCC da FCCPC, ta kuma nuna cewa ma'aikatun gwamnati ba su fi ƙarfin doka ba. Kasuwancin zamani a kan yarda yake tafiya, kamar yadda na da ya tafi. Attajirin da aka san yana tona asirin masu bashinsa ba ya daɗewa a kasuwa, kuma abin da dokar 2023 ta ƙara a kan wannan tsohuwar ƙa'ida shi ne tara da kotu.